In yaro ya yi alkafura, ya fita daga parkur ke nan?

Awudu (Nima):
Assalamu alaikum 'yan zaure. Iyayenmu da ke ciki, ina gaisuwa. Wani abu ne ya tsaya mini a rai tun ranar Asabar, na ce bari in kawo shi gabanku.

Wasunku sun san duk Asabar bayan sallar asuba ina fita da yara, yanzu su goma sha ɗaya ne, muna atisayen parkur a gefen filin Kawukudi kafin 'yan ƙwallo su cika wurin. Wannan Asabar ɗin Nasiru ya taho a guje, ya taka katanga, ya dafa ya haye, da zai sauka sai ya yi alkafura ya dira da ƙafa biyu cak, ko tangaɗi bai yi ba. Wata huɗu yaron nan yana neman wannan dirar. Na ɗauka a waya na saka a Facebook. Ba a yi awa guda ba wani ya rubuto wai in gyara, wannan ba parkur ba ne, firiranin ne, wato wanda ake ƙawatawa da juyi, muna ɓata sunan wasa. Nasiru ya karanta da idonsa. Ya ce mini, "Yaya, to duk wannan lokacin me muke yi?" Wallahi na buɗe baki na rasa abin cewa. Shi ya sa nake tambaya: mene ne parkur, kuma sunan nan ya kai a ɓata wa yaro rai a kansa?

Fuseini (Aboabo, Kumasi):
Wa alaikumus salam. Ba sai an yi cigiya ba, ni ne na rubuta, Awudu, kuma ba don in karya wa yaro gwiwa ba. Dirarsa ta yi kyau, na faɗa a can, ina sake faɗa a nan. Amma gaskiya ɗaya ce. Parkur shi ne ka tashi daga nan ka isa can ta hanyar da ta fi sauri, ta fi sauƙi ga jiki, da hannunka da ƙafarka kawai. Duk motsin da bai matsar da kai gaba ba, ado ne. A ce kare ne ya biyo ka, ko wuta ta kama gida kana neman mafita, za ka tsaya yin alkafura? Shekara takwas ina wannan abu ban taɓa juyawa a iska ba, kuma ban ga abin da na rasa ba.

Tanko (Labadi):
Ado? Ɗan'uwa, da wannan adon nake biyan kuɗin ɗaki. Duk Lahadi muna bakin teku muna wasa, mutane na jefa mana abin da ya sawwaƙa. Kuma bari in gaya maka abin da ba ka sani ba tunda ba ka taɓa juyawa ba. Wanda ya saba alkafura, ko idonsa a rufe ya san inda ƙasa take. Ranar da ƙafarka ta zame a kan ƙarfe mai laima, kanka ya yi ƙasa, wannan sanin ne zai hana wuyanka karyewa, ba sunan da ka haddace ba.

Fuseini:
Ban ce ba ta da amfani ba. Cewa na yi a kira ta da sunanta.

Maman Nasiru (Mamobi):
Salamu alaikum. Ni ce uwar yaron. Awudu ne ya sa ni a zauren nan tun bara, ban taɓa magana ba sai yau. Ku yi haƙuri, ni duk sunayen nan da kuke jefa wa juna ba wanda na iya faɗa. Abin da na sani shi ne, ina zaune ina sayar da wake da shinkafata, mata su zo su ce, "Maman Nasiru, an ce ɗanki yana koyon haura katanga." Kun san abin da haura katanga yake nufi a bakin mutanenmu. Ni kuwa na ga canji a yarona, yana tashi asuba ba sai na tashe shi ba, ya daina zaman gindin kwantena da yaran da ba na so. Amma ba ni da abin da zan ce wa matan nan. Ku ba ni suna ɗaya da zan faɗa a gane.

Malam Haruna (Madina):
Hajiya, maganarki ta fi tamu nauyi, za mu dawo kanta. Amma ku ba ni dama in ɗan koma baya, domin gardamar Fuseini da Tanko ta girmi Nasiru, kuma waɗanda suka fara abin su ma ba su gama ta ba. Faransanci nake koyarwa, na bi tarihin nan daga tushensa.

Abin ya taso ne a wasu garuruwa biyu da ke kudu da Faris, Lis da Ebri, a ƙarshen shekarun 1980. Yara ne matasa, cikinsu akwai Debid Bel, wanda aka haifa a 1973. Mahaifinsa Raimon Bel a Biyetnam ya tashi, ya samu horo irin na soja tun yana yaro, daga baya ya zama ɗan kwana-kwana a Faris. Shi ne yake gaya wa ɗansa irin atisayen da ya yi, yana kiransa da kalmar Faransanci parcours, da ke nufin hanya ko zangon da ake bi, wadda sojojinsu ke kiran filin shingayen atisaye da ita. A 1998 aka ɗan taɓa rubutun kalmar, aka sa k a madadin c, aka yar da s ɗin ƙarshe. Sunan da muke faɗa a kansa ke nan.

Amma kafin nan, a 1997, su tara ne a ƙungiya ɗaya, sun kira kansu Yamakasi. Kalmar ba ta Faransanci ba ce, ta Lingala ce ta Kwango, tana nufin mai ƙarfi, domin a cikinsu akwai ɗan asalin can. Kuma abin da suke yi ba parkur suke ce masa ba, cewa suke fasahar tafiya daga wuri zuwa wuri. Da suka rabu, kowa ya tafi da sunan da ya ga dama. Shi kuwa firiranin, a 2003 aka ƙirƙiro shi lokacin da aka yi wani shirin talabijin a Landan da Sebastiyan Fukan, ɗaya daga cikin su taran, don kawai masu jin Ingilishi su gane. Da farko fassara ce. Daga baya ne mutane suka ɗora masa ma'anar wanda ake ƙawatawa da juyi.

Ke nan suna uku, unguwa ɗaya, katangu ɗaya, yara ɗaya da suka tashi tare.

Tanko:
Allah ya gafarta Malam, ashe canza wa tuwo suna aka yi.

Fuseini:
Malam, na yarda da tarihin, amma ai ba a banza suka rabu ba. Da hanyarsu ɗaya ce da ba su raba suna ba. Suna linzami ne. Yaron da ka ce masa parkur yake koya, zai fara tambayar kansa ina hanya. Wanda ka ce masa firiranin, zai fara tambayar ina kyamara. Na gani a nan Kumasi. Wani yaro a Asawase ko mirginawa bai iya ba, ya ga bidiyo ya hau rufin shago ya juya. Wata uku yana hannun mai ɗori. Tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya, ya yi dubu bai fito ba.

Awudu:
Fuseini, wannan ba laifin suna ba ne, rashin mai koyarwa ne. A wurina yaro sai ya yi wata biyu ba ya barin ƙasa fiye da tsayin gwiwarsa. Dira kawai: a kan gaban tafin ƙafa, gwiwa a lanƙwashe, ba a jin ƙara. In na ji dim, ya sake. Sannan mirginawa ta kafaɗa, ba ta tsakiyar baya ba, a kan yashi tukuna kafin siminti. Nasiru ya yi duk wannan kafin in bar shi ya juya, kuma a bakin teku wajen su Tanko ya fara. Da ka tambaye ni kafin ka rubuta.

Fuseini:
Wannan kam gaskiyarka ce. Ya kamata in kira ka. Ka ba yaron haƙuri a madadina, ko ka ba shi wayar in yi masa magana da kaina.

Kawu Sale (Sabon Zango):
'Ya'yana, na karanta duka, da ƙyar, ido ya yi rauni. Na yi aikin soja a ƙuruciyata. Wannan katangar da kuke hayewa mun haye ta, mun bi ta ƙarƙashin waya da rub da ciki, mun hau igiya, mun tsallake rami da kaya a baya. Ba wanda ya ce mana wasa ne, balle ya raɗa masa suna mai daɗi. Kafin soja ma, muna yara muna langa, muna 'yar tsere a lungu, muna tsallake gota, wanda ya faɗa ciki a yi masa dariya ya je ya yi wanka. Malam Haruna, ina ce akwai wani sojan ruwa da aka ce shi ne kakan abin? Ka faɗa musu maganarsa.

Malam Haruna:
Haka ne Kawu, Allah ya ƙara girma. Joj Eber, hafsan sojan ruwan Faransa. Yana tsibirin Martinik a 1902 lokacin da dutse ya yi aman wuta ya hallaka garin San Piyer, mutum kusan dubu talatin suka mutu. Yana cikin waɗanda suka yi aikin ceto. Daga nan ya tsara hanyar horar da jiki da gudu da tsalle da hawa da rarrafe da ɗaukar kaya da iyo, ya ce ya ga irin wannan ƙarfin a jikin mutanen da ya haɗu da su a tafiye-tafiyensa, har da Afirka, waɗanda ba su da wani malamin motsa jiki sai rayuwarsu. Takensa shi ne: ka yi ƙarfi domin ka yi amfani.

Kawu Sale:
Yauwa. Ita nake so ku ji. Daren 3 ga Yuni 2015, da ruwa ya ci Ankara, babban birnin Gana, gidan mai ya kama wuta a shataletalen Sakul, mutum fiye da 150 suka rasu, Allah ya jiƙansu. A lungunmu ruwa ya kai ƙirji. Samari ne suka hau katanga suna miƙa yara hannu da hannu zuwa kan rufi, suka ɗauko wata tsohuwa a baya. Ba wanda ya tambaye su sunan abin da suke yi. Ni ma'aunina ke nan. In yaro zai iya wannan ranar da aka buƙace shi, ya yi alkafura ɗari ranar Asabar, halalinsa ne.

Zulaiha (Legon):
Kawu, ina gaisuwa, kuma ba musu nake da ku ba. Amma ina ganin in muka ce suna ba komai ba ne, za mu yi sake. Ranar ambaliya ba a tambayar suna, sauran ranakun shekara kuwa ana tambaya, kuma mai riƙe da sunan shi ke riƙe da kuɗi da fili da izini.

Ku duba abin da ya faru. A Janairun 2017 Birtaniya ta zama ƙasar farko da ta amince parkur wasa ne a hukumance. Wannan ya buɗe masa ƙofar makarantu da neman tallafi. A 2017 ɗin kuma hukumar jimnastik ta duniya ta ce za ta ɗauki parkur a ƙarƙashinta. Masu wasan a ƙasashe da yawa suka ce ba su yarda ba, su ba 'yan jimnastik ba ne, har suka kafa tasu ƙungiyar ta duniya. Duk da haka a Disamban 2018 aka kaɗa ƙuri'a a Baku, hukumar ta shigar da shi, kuma a 2022 ta yi gasar duniya ta farko a Tokiyo. Yaya Fuseini, ka san rukuni nawa aka yi? Biyu. Na sauri, da na salo, wanda alƙalai ke ba juyi maki. Duka biyun parkur aka rubuta a kansu. Wato alkafurar da ka ce ba parkur ba ce, a can lambar zinare ake bayarwa a kanta da sunan parkur.

Fuseini:
Shi ya sa ai ba na kallon gasar tasu, ƙanwata. Abin da aka fara don mutum ya yi gasa da tsoronsa, an mai da shi neman maki. Amma kin ga kin dawo kan maganata: da an tsare ma'anar sunan tun farko, da ba a sami ƙofar shiga ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wuri.

Zulaiha:
Ba maganarmu ɗaya ba. Kai kana tsare sunan daga Nasiru, yaron da ke tashi asuba yana goge tafin hannunsa a siminti. Ni ina cewa a tsare shi daga waɗanda ba su taɓa dafa katanga ba amma suna son su zama masu ba da takarda. Nasiru ɗan gida ne.

Kuma Mama, abincin da kike sayarwa ma shaida ne. Yau duk Gana ana cin waakye, har manyan gidajen abinci na Osu, wasu ma ba su san daga ina ya fito ba. Amma duk wanda ya buɗe baki ya faɗi sunan, wake ya ce, da Hausa. Haka tuwon zafi, haka koko da ƙosai, haka kaya a cikin kayayo, sunan mata masu dako. Sunan ne ya riƙe mana sawunmu a ƙasar nan. Da an canza shi, da wa zai yarda namu ne? To su ma yaran Lis suna da wannan haƙƙin. In muna yin abinsu, mu faɗi sunan da suka ba shi, mu san su waye.

Maman Nasiru:
'Yata, Allah ya yi miki albarka, wannan na gane shi sarai. Amma ni ko an ce waakye ko an ce wake da shinkafa, ganyen karan dafi ɗaya nake sawa, kuma mai ci ya san hannuna. Har yanzu dai ba ku ba ni abin da zan gaya wa matan nan ba.

Tanko:
Ki ce musu ɗanki ɗan wasa ne kamar 'yan damben Bukom. Ai su ma da can iyaye ba sa so, sai da Azumah Nelson ya ɗauko kambun duniya a 1984 kowa ya ce ɗansa ne.

Kawu Sale:
Tanko, tun 1975 D.K. Poison ya riga shi ɗaukowa, kada ka manta da na gaba. Kuma ga wani abu a kan dambe. Mu muke da kalmar, da turmi uku, da hannu ɗaya naɗe da zare, da kalangu. Da na Turawa ya zo muka ara masa sunanmu muka ce damben zamani. Yau an wayi gari namu ne sai an ƙara masa "na gargajiya" kafin yaro ya gane. Wannan yana yi mini ciwo. Don haka Zulaiha tana da gaskiya ta wani gefen, na karɓa.

Awudu:
Bari in faɗi abin da ban taɓa faɗa a zauren nan ba, don shi ne ya sa maganar Mama ta fi damuna a kan ta Fuseini.

Bara, kafin mu koma fili, a lungu muke yi. Wata safiya ɗaya daga cikin yarana ya riga ni zuwa, ya ce bari ya ɗan gwada kafin in iso. Ya haye katangar bayan wani gida. Wata mata ta fito zubar da ruwa ta gan shi, ta ƙwala ihu, ɓarawo. Kun san garin nan, kun san abin da ke biyo bayan wannan kalmar. Kafin in iso mutum ya fi goma a kansa, wani da katako, an riga an fasa masa leɓe. Ina ta cewa parkur ne, parkur yake yi, wallahi kamar ina magana da bango. Ba wanda ya taɓa jin kalmar. Abin da ya cece shi, wani dattijo mai shayi ne ya ce, "Ku dakata, yaran Awudu tela ne masu motsa jiki, kullum ina ganinsu." Motsa jiki. Wannan suka gane, suka sake shi.

Ban ga laifin matar ba, kowa ya ga baƙo a kan katangarsa da duhun asuba zai yi ihu. Laifina ne da ban bi gida-gida na gabatar da mu ba. Tun ranar ba na barin yaro ya taɓa katangar da ba mu nemi izinin mai ita ba. Amma na gane cewa sunan da muke gardama a kansa a intanet, a lungunmu ko leɓen yaro ɗaya bai iya karewa ba.

Zulaiha:
Innalillahi. Ni ma da wannan kalmar na samu izini a gida. Da na ce wa Baba parkur, cewa ya yi ba 'yarsa ba. Da Yayata ta ce masa motsa jiki ne, mata zalla, da dogon wando da hijabi, a cikin makaranta, sai ya ce in je. Mu huɗu ne yanzu.

Malam Haruna:
To ashe suna biyu kuke buƙata. Na waje, wanda za ku nemi 'yan'uwanku na duniya da shi, ku rubuta a takardar neman fili ko tallafi, ku girmama waɗanda suka fara. Da na gida, wanda mai shayi da liman da Hajiya za su faɗa ba tare da harshe ya sarƙe ba. Ko garin nan ai haka yake, Kawu yana cewa Ankara, takarda tana cewa Accra, masu garin suna cewa Ga. Motsa jiki ya yi faɗi da yawa, har mai tafiya da sanda da yamma motsa jiki yake. Ku nemo wanda ya fi kama abin.

Fuseini:
Ƙetare. Wasan ƙetare. Shi ne ainihin abin, ka ƙetare abin da ya tare ka.

Maman Nasiru:
A'a ɗana, kada ku sa wannan. In na ce Nasiru yana wajen masu ƙetare, za a ɗauka masu kai yara Libiya ne. Mun rasa yara da yawa ta wannan hanyar, kalmar ba ta da daɗi a kunnen uwa.

Tanko:
Tsalle da juyi.

Fuseini:
Ka ga, ka sako juyinka a ciki.

Kawu Sale:
Ku bar juyi, ku bar sauri. Awudu, me ka ce kana fara koya musu wata biyu?

Awudu:
Dira, Kawu.

Kawu Sale:
To mai sauri yana dira, mai alkafura yana dira. Ku ce tsalle da dira. Uwa in ta ji dira, ta san ana koya wa ɗanta yadda zai sauko lafiya.

Maman Nasiru:
Wannan zan iya faɗa. Tsalle da dira. Gobe ma zan gwada a kan mai kokon da ke kusa da ni, ita ta fi kowa tambaya.

Fuseini:
Ni dai a bakina parkur daban, firiranin daban, kuma yarana na Aboabo haka zan ci gaba da koya musu. Amma na gida ban ƙi shi ba. Awudu, in Allah ya kai mu ƙarshen wata zan shigo Nima. Ina son in ga dirar yaron nan da idona, kuma akwai wata hanyar haye katanga da hannu ɗaya da nake ganin za ta dace da tsayinsa.

Tanko:
In ka zo, Lahadi ka biyo su bakin teku. Yashi ne, ba abin da zai same ka.

Fuseini:
Zan zo in kalla. Ban yi alkawarin juyawa ba.

Awudu:
Allah ya kawo ka lafiya, akwai wurin kwana a shago. Zan ɗinka wa yaran riguna iri ɗaya masu haske don a riƙa gane su daga nesa, parkur a gaba, tsalle da dira a baya. Kawu, ina roƙon alfarma, ranar Juma'a bayan an sauko ku raka ni wajen liman da mai unguwa in gabatar da yaran, maganar ta fi ƙarfi in daga bakinku ta fito. Malam, ku taimaka mini da tarihin nan a takarda ɗaya da Hausa mai sauƙi in karanta musu ranar Asabar. Zulaiha, ke da 'yan'uwanki in kuna son riguna ku turo awo kafin Laraba, ranar zan shiga kasuwa sayen yadi.

Kawu Sale:
Ka zo ka ɗauke ni da ƙarfe goma sha ɗaya, ƙafar ba ta son sauri yanzu. Ka taho da Nasiru.